Ziyarar wuraren tarihi cikin tabarau: yaya ake auna abin da baƙo ya ƙaru da shi?

A ƙasashe da dama na duniya, gidajen ajiye kayan tarihi sun shiga aiki da wani irin tabarau wanda in mutum ya sa shi sai ya ga kansa tsaye cikin wani kogo, ko wani babban ɗakin ibada, ko wani tsohon birni da ya rushe tun da daɗewa, alhali kuwa bai ɗaga ƙafa daga ɗakin da yake ciki ba. Da Faransanci ana kiran wannan fasaha réalité virtuelle, wato gani kamar gaske. Dukiyar da ake zubawa cikin wannan aiki ba kaɗan ba ce. Shi ya sa hukumomi da masana suka tashi neman amsar wata tambaya: wanda ya sa tabarau ɗin, mi ya gani, mi ya gane, mi kuma ya koma gida da shi? Binciken da aka yi daga shekarun 1990 zuwa yau ya nuna cewa jin daɗin kallo daban yake da ƙaruwar sani, kuma wanda ya auna na farko kaɗai bai san kome ba game da na biyu.

Kogon da numfashin baƙi ya kusa lalatawa

Domin a gane dalilin da ya sa ake bukatar irin wannan ziyara, ya kamata a duba labarin kogon Lasko na ƙasar Faransa. Ran 12 ga watan Satumba 1940, wasu samari huɗu suka zura cikin wani rami a kan tudu, kusa da garin Montinyak, a kudu maso yammacin ƙasar. Da suka ɗaga fitila sai suka ga bango da rufin kogon cike da zanen bijimai, dawaki, bareyi da wasu namun dawa. Mutanen da suka rayu fiye da shekara dubu 17 da suka wuce su ne suka yi zanen, da jar ƙasa da wani baƙin dutse da suke niƙawa. An ƙirga zane mai launi wajen 600, da wanda aka sassaƙa a jikin dutse kusan 1.500. Akwai bijimi guda wanda tsawonsa ya zarce metir 5.

An buɗe ma jama'a kogon a watan Yuli 1948. Kafin a yi shekara goma, baƙin da ke shiga sun kai wajen 1.200 a rana guda. Kowane mutum kuwa yana shiga da zafin jikinsa, da laimar numfashinsa, da gurɓatacciyar iskar da yake fitarwa, ga kuma ƙurar takalmi da hasken lantarki. Kogon da ya yi dubban shekaru a rufe, iskarsa ba ta canzawa, sai ya fara ciwo: gansakuka ta tsiro a bango, wani farin ɓawo kuma ya soma lulluɓe zanen. A watan Afirilu 1963 ministan al'adu na Faransa, André Malraux, ya ba da umurni aka rufe kogon. Ko bayan rufewar bai huta ba, domin a shekara ta 2001 fumfuna ta bazu cikinsa, sai da aka yi shekaru ana fama da ita. Yau ma'aikatan da ke kula da shi da wasu masana ƙalilan ne kaɗai ke shiga, su ma na ɗan lokaci.

Abin da ya rage shi ne a kawo ma jama'a kwatankwacinsa. A 1983 aka buɗe Lasko na biyu, kogon kwaikwayo da aka gina wajen metir 200 daga na ainihi, inda masu zane suka kwafi manyan sassa biyu da hannu. A 2012 aka shirya na uku, wanda ake yawo da shi ƙasa ƙasa. A watan Disamba 2016 aka buɗe na huɗu a gindin tudun, wanda ya kwaikwayi kusan kogon duka, har da sanyinsa da duhunsa. Sa'an nan a watan Yuli 2021, a birnin Pari, kamfanin Dassault Systèmes tare da hukumar al'adu suka nuna kogon cikin tabarau: baƙi ƴan kaɗan su sa tabarau, jagora na tare da su, su zaga har lungunan da ko a zamanin da kogon ke buɗe ba a barin jama'a su shiga.

Ke nan duk wanda aka haifa bayan 1963, in ban da waɗancan ƙalilan, Laskon da ya sani na kwaikwayo ne. In kwaikwayon ya koya masa daidai, ya ƙaru. In ya koya masa kuskure, ba shi da inda zai je ya gwada. Abin da ya sa ke nan auna ra'ayin baƙi da fahimtarsu ya zama aiki mai nauyi.

Yadda tabarau ɗin ke aiki

Tabarau ɗin ɗan akwati ne da ake ɗaurawa a fuska, ya rufe idanu ruf. A cikinsa akwai allon hoto da gilasai biyu, kowane ido da nasa. Hoton da ake nuna ma idon dama ya ɗan sha bamban da na idon hagu, kamar yadda idanun mutum biyu ba su hangen abu ta gefe ɗaya. Ƙwaƙwalwa ita ke haɗa su ta fitar da zurfi da nisa. Akwai kuma ƴan na'urori masu bin motsin kai. In mutum ya waiwaya, kwamfuta ta zana masa abin da ke bayansa nan take. In ya ɗaga kai, ya ga rufi. A silima hoto 24 ke wucewa cikin sakan guda. A tabarau wajen 90 ake nema, domin in hoton ya yi jinkiri ko kaɗan, ido yana ganewa.

Shi kuwa wurin tarihin, auna shi ake yi da wata na'ura mai harba tsinken haske. Hasken ya bugi bango ya komo, na'urar ta lissafa nisan. Ana yin haka sau miliyoyi, a haɗa da dubban hotuna, har a samu siffar wurin cikin kwamfuta, kowane tudu da kwarin dutse a mazauninsa.

Dabarar ta daɗe. Tun 1968 wani masani Ba'amurke, Ivan Sutherland, ya ƙera irin wannan tabarau, sai dai kayan da ke bin motsin kai a rufin ɗaki aka rataye su. A 2014 kamfanin Facebook ya sayi kamfanin Oculus, mai ƙera tabarau, a kan dalar Amurka wajen miliyar 2, kuma daga 2016 tabarau ya shiga kasuwa sosai. Daga nan gidajen tarihi suka rungume shi. Misali, babbar majami'ar Notre-Dame ta Pari ta yi gobara ran 15 ga watan Afirilu 2019, ba a sake buɗe ta ba sai a watan Disamba 2024. A tsakanin nan, daga watan Janairu 2022, jama'a sun riƙa zaga ta cikin tabarau, ziyara ta minti 45.

Awo na farko: ya ji kamar yana wurin?

Abu na farko da masana suka nemi aunawa shi ne halarta, wato yadda mutum ke ji a ransa cewa yana can cikin wurin da ake nuna masa, har ya mance da ɗakin da yake tsaye. Hanyar da aka fi bi ita ce takardar tambayoyi. Baƙo na tuɓe tabarau sai a miƙa masa takarda, kowace tambaya da matakanta, daga “ko kaɗan” zuwa “ƙwarai da gaske”, ya zaɓi ɗaya. Wani masani mai suna Rensis Likert ne ya fito da wannan tsari na matakai a 1932. A 1998 Bob Witmer da Michael Singer, masu bincike na rundunar sojan Amurka, suka wallafa takarda mai tambaya 32 musamman domin auna halarta, kowace tambaya da mataki 7. Har yau ana aiki da ita da ire-irenta.

Amma a shekara ta 2000, a wata jami'a ta birnin Landan, Martin Usoh da Mel Slater da abokan aikinsu suka gwada ma'aunin kansa. Suka sa mutum 10 neman wani akwati cikin biro na gaske, wasu 10 kuma suka nemi akwatin cikin kwatankwacin biron a tabarau. Bayan haka aka ba su duka takardun tambayoyi iri biyu. Hankali zai ce waɗanda suka shiga biron da ƙafarsu za su ba sauran rata mai yawa wajen nuna cewa suna wurin. Ba haka ta kasance ba. A takarda guda ba a ga bambancin kirki ba, a ta biyun kuma bambancin ɗan kaɗan ne. Bayanin da masu binciken suka bayar shi ne, kowane mutum yana fassara tambaya gwargwadon halin da yake ciki. Ma'aunin da ya kasa raba gaske da kwaikwayo kuwa, ba a dogara gare shi shi kaɗai.

Domin haka wasu suka koma ga jiki, tun da jiki bai san kara ba. A 2002, a jami'ar Karolina ta Arewa a Amurka, Michael Meehan da abokansa suka shirya wani ɗaki cikin tabarau, tsakiyarsa rami ne mai zurfin wajen metir 6. Mutanen da aka gwada sun san sarai a kan daɓe suke tsaye, amma da suka iso bakin ramin sai bugun zuciyarsu ya ƙaru. Da aka sa wani ɗan katako ƙarƙashin ƙafarsu, suka ji gefensa da yatsu kamar bakin rami na gaske, sai bugun ya ƙara hawa. A ziyarar tarihi ma ana iya zuba ido a ga irin waɗannan alamu: baƙo ya sunkuya zai shiga ƙofar da ba ta nan, ya miƙa hannu zai taɓa bango, ya rage murya cikin ɗakin ibada. Shaidu ne da ake samu ba tare da an tambaye shi ba.

Awo na biyu: jikinsa ya ɗauka?

Wasu mutane in sun sa tabarau sukan ji jiri, tashin zuciya, ciwon kai ko gajiyar ido, kamar wanda tafiyar mota ke tayar ma zuciya. Ga bayanin da masana suka fi yarda da shi. A can cikin kunnen mutum akwai wasu ƴan bututu masu ruwa, su ke gaya ma ƙwaƙwalwa ko jiki na motsi ko yana tsaye. In ido ya ce tafiya ake yi, kunne ya ce tsaye ake, sai ƙwaƙwalwa ta rikice. A 1993 Robert Kennedy da abokan aikinsa, waɗanda suka yi nazarin matuƙan jiragen sama na sojan ruwan Amurka masu koyon tuƙi cikin na'urar kwaikwayo, suka tsara takarda mai alamomi 16 na wannan ciwo, kowace alama a ba ta lamba daga 0 zuwa 3. Galibi ana cika ta sau biyu, kafin a sa tabarau da bayan an tuɓe, domin a raba ciwon da mutum ya zo da shi da wanda tabarau ya jawo masa.

Wannan awo ya gyara yadda ake shirya ziyara. An gane cewa in baƙo yana takawa da ƙafarsa, hoton na bin takunsa, jirin na raguwa. In kuwa yana zaune ana gudu da shi ta cikin hoto, jirin na ƙaruwa. Ziyarar Lasko da ta Notre-Dame duk an shirya su ne yadda baƙi za su yi tafiya da kansu cikin ɗaki.

Akwai wani tarko a nan da ya kamata ma'aikata su kiyaye. Wanda jiri ya kama yakan tuɓe tabarau kafin ƙarshe ya yi waje, ba ya tsayawa cika takarda. In ba a ƙirga shi ba, rahoto zai fito da cewa kowa ya ji daɗi, alhali waɗanda suka wahala ne ba a ji ta bakinsu ba.

Awo na uku: mi ya koya?

Mutane da yawa sun ɗauka, tun da gani ya kori ji, wanda ya ji kamar yana wurin dole ya fi kowa koyo. Gwaji bai tabbatar da haka ba. A 2019 Guido Makransky na jami'ar Kopenhagen ta ƙasar Danmark da abokan aikinsa suka wallafa sakamakon wani gwaji da ɗalibai 52. Darasin kimiyya aka koya musu, wani lokaci a allon kwamfuta, wani lokaci cikin tabarau. Ɗaliban sun ce cikin tabarau suka fi jin suna wurin. Amma da aka yi musu jarrabawa sai aka ga a allon kwamfuta suka fi koyo. Wata na'ura mai auna aikin ƙwaƙwalwa da aka sa musu a ka ta nuna cewa tabarau ya fi ɗora mata kaya. Abin kallo ya yi yawa, hankali ya rarrabu.

Wani gwaji da Jocelyn Parong da Richard Mayer na jami'ar Kaliforniya suka wallafa a 2018 ya nuna ciwon, ya kuma nuna maganinsa. Darasin a kan jikin ɗan Adam ne. Waɗanda suka karanta shi a allo, hoto da rubutu, sun fi cin jarrabawa, waɗanda suka sa tabarau kuma sun fi nuna sha'awa. Sai aka sake gwajin: aka yanka darasin tabarau gunduwa gunduwa, bayan kowace gunduwa ɗalibi ya tsaya ya rubuta a taƙaice abin da ya gane. Sakamakon ya hau, sha'awar kuma ba ta ragu ba.

A kan darasin kimiyya aka yi waɗannan gwaje-gwaje, amma abin da suka nuna ya shafi ziyarar tarihi. Baƙon da ya fito daga Lasko na tabarau yana cewa abin ya yi kyau, ana so a san ko ya gane cewa masu zanen ba cikin kogon suke zaune ba, da fitilar kitse suke shiga su yi aiki cikin duhu. Ana so a san ko ya ji cewa ƙasusuwan da aka tono a wurin galibi na wata barewar ƙasar sanyi ne, ita suka fi ci, amma kusan ba ta cikin zanen, abin da ke nuna zanen ba lissafin abincinsu ba ne. Ba a sanin wannan sai an tambayi baƙo kafin ya shiga, an sake tambayarsa bayan ya fito, an kuma gwada amsarsa da ta wani rukunin baƙi da suka ga hotuna ko suka saurari jagora kawai. In rukunin biyu sun tashi kunnen doki, to kuɗin tabarau nishaɗi kaɗai suka sayo, kuma ya kamata hukuma ta san haka.

Awo na huɗu: ya iya raba gaskiya da hasashe?

Kogon Lasko yana nan, an auna shi ɗaki ɗaki. Amma sau da yawa wuraren da suka rushe ake nunawa cikin tabarau. Tun shekarun 1990 wani masani mai suna Bernard Frischer da abokan aikinsa suka soma sake gina birnin Rum cikin kwamfuta, kamar yadda yake a shekara ta 320 miladiyya, aka nuna kashi na farko a 2007. Manyan gine-ginen da kufansu ke tsaye ana iya auna su. Dubban gidajen talakawa kuwa da suka ɓace, kwatanta su aka yi bisa abin da aka sani na ginin zamanin. A littafi masani na iya rubuta “wataƙila”. Cikin tabarau, bangon da aka auna da bangon da aka zata kamarsu ɗaya, kowane da launinsa da inuwarsa. Gwargwadon kyan hoton, gwargwadon yadda baƙo ke yarda da shi.

Saboda wannan haɗari masana suka taru a Landan a 2006 suka tsara wata yarjejeniya, wadda aka gyara a 2009 ta zama mai ƙa'ida 6. Ta ce duk wanda ya sake gina wurin tarihi cikin kwamfuta ya bayyana shaidun da ya dogara gare su, ya kuma rubuta dalilin kowane zaɓin da ya yi. Bayan haka aka tsara wasu ƙa'idoji 8 a birnin Sebil na ƙasar Espanya, waɗanda ƙungiyar ICOMOS mai kula da wuraren tarihi na duniya ta amince da su a 2017. Cikinsu akwai cewa dole mai kallo ya iya raba abin da ke na ainihi da abin da aka zata, cewa hoton kwamfuta taimako ne ga sauran hanyoyin kiyaye wurin tarihi, ba ya tsaya a madadinsu, da cewa a riƙa auna aikin bayan an gama shi.

Ana iya nuna hasashe da wani launi daban, ko a bar baƙo ya ga kufai yadda yake yau kafin a ɗora masa gini a kai. Hanyar gane ko dabarar ta ci kuwa mai sauƙi ce: a nuna ma baƙo hotunan abin da ya gani, a ce ya ware waɗanda ke nan har yau da waɗanda masana suka kwatanta. In ya kasa, ya fito da tabbacin da su kansu masanan ba su da shi.

Tambaya ma tana da ƙa'idarta

Ko da ma'auni mai kyau, ana iya ɓata bincike ta yadda aka yi tambaya. Baƙo mai kunya ba ya kushe abin da aka nuna masa a gaban wanda ya nuna masa, musamman in kyauta ya shiga. Domin haka bai kamata jagora ya zama shi ne mai tambaya ba, kuma ba a rubuta sunan mai amsa.

Sai ɗokin sabon abu. Wanda bai taɓa sa tabarau ba, kome aka nuna masa ran farko zai yaba, ko da hoton kango ne. Yabon na tabarau ne, wurin tarihin bai samu kome ba a ciki. Shi ya sa ake tambayar baƙo ko ya taɓa sa tabarau, ake kuma sake nemansa bayan makonni a ji abin da ya rage a kansa.

Sai harshe da karatu. Yawancin takardun nan da Ingilishi aka tsara su, aka gwada su a kan ɗaliban jami'a. Tsoho manomi ko mace ƴar kasuwa da ba su saba da matakai bakwai na takarda ba, in aka miƙa musu ita, ko su mayar ko su cika ta don kara. Irin waɗannan baƙi da baki ake tambayarsu, cikin harshensu, a bar su su ba da labarin abin da suka gani tun daga farko har ƙarshe. Abin da mutum ya ambata da kansa, da abin da ya tsallake, sun fi lamba bayani.

Akwai kuma zancen zumunci. Mutane kan je gidan tarihi da iyali ko abokai, wannan ya nuna ma wancan, yaro ya tambayi uba. Tabarau na rufe fuska, kowa ya shiga duniyarsa. Bincike mai kyau yana duba ko baƙi sun yi magana da juna lokacin ziyara da bayanta, domin sani yakan zauna ne wajen maimaita shi ga wani.

Abin da ya shafi Nijar

Ƙasar Nijar ta riga ta san amfanin kwatankwaci. A Dabus, arewa da Agadas, akwai raƙuman dawa biyu da mutanen dā suka sassaƙa a jikin dutse shekaru dubbai da suka wuce, babban ya zarce metir 5. A 1999 aka ɗauki siffarsu, aka zuba kwatankwacinsu da sanholo, aka ajiye guda a filin jirgin saman Agadas, domin wanda bai iya kai Dabus ba ya gani. Tsohon birnin Agadas, mai hasumiyar ƙasa ta metir 27, ya shiga jerin wuraren tarihi na duniya na UNESCO a 2013. A watan Satumba 2024 kuwa, ruwan sama mai yawa ya rushe tsohon masallacin Birni na Damagaram, wanda aka gina a tsakiyar ƙarni na 19. Ginin ƙasa kullum yana bukatar yaɓe da kulawa, kuma abin da ba a auna ba yana tsaye, in ya faɗi sai hasashe.

Ke nan auna waɗannan wurare da ajiye siffarsu cikin kwamfuta aiki ne mai amfani, ko da ba a sayi tabarau ko guda ba, tun da magina za su iya dogara ga awon ran da ake bukatar gyara. In kuma aka kawo ma wata hukuma shawarar shirya ziyara cikin tabarau, akwai tambayoyin da ya kamata ta yi kafin ta sa hannu. Wane sani ake so baƙo ya fita da shi, a faɗe shi tun farko a rubuce. Wa zai auna, kuma ya zama ba mai sayar da kayan ba ne. Da wane harshe za a yi bayani da tambaya. Wa zai riƙe awon, a ina za a ajiye shi. Nawa za a ware domin binciken cikin kuɗin aikin. Mutanen garin, da magina da limamai da dattawan da suka san wurin, an nuna musu, kuma sun ce haka yake?

Tambaya ta ƙarshe ita ce wadda za a yi ma baƙo a bakin ƙofa, bayan ya tuɓe tabarau: ko yanzu yana son ya je ya ga wurin da idonsa, ko yana ganin ya gama da shi. A Lasko ƙofa a rufe take, ba makawa sai kwaikwayo. A Agadas hasumiya na tsaye, kuma zuwa da kai ya fi saƙo. In baƙi suka fito suna tambayar hanya, suna tambayar wa ke gyaran ginin da abin da za su iya bayarwa, tabarau ya yi aikinsa. In suka fito suna cewa tun da an ajiye shi cikin kwamfuta ko ya faɗi ba a yi hasara ba, to a sake shirin ziyarar tun daga tushe, kome yawan yabon da aka rubuta a takarda.